Taragon Azariya

Ƙanena Azariya mai walda ne, kuma duk Kafanchan ba wanda zai ce maka hannunsa bai iya aiki ba. Kansa ne dai ake magana a kai. Ni Yemima, ni ce babba a ɗakinmu, shekara biyar na ba shi, ni na goye shi har bayana ya yi kanta, saboda haka in na faɗi laifinsa ina da iko. Nawa laifin ma zan faɗa, ku dai ku bari in kai wurin.

A kwatas ɗin reluwe aka haife mu, babanmu leburan layin dogo ne. Lokacin Kafanchan gari ne, jirgi na shiga jirgi na fita, ka ji harshe goma a tasha kafin ka sayi rake. Akwai wani baturen mishan da ke zuwa daga wajen Kagoro a kan babur mai wani abu kamar kwale-kwale manne a gefensa, da tayarsa guda. Matarsa ke zama a ciki, ta ɗaure kai da gyale, duk Asabar su wuce Matsirga kallon ruwa. Azariya bai fi shekara bakwai ba ya bi su da gudu wata rana har inda ƙafarsa ta gaza, ya dawo kwalba ta yanke shi a dunduniya. Ni aka zane, wai ban kula da shi ba. Har yau in ya ba ni haushi sai na tuna masa wannan bulala.

Yana da shekara goma sha tara ya shiga aikin reluwe, a loko, yana gyaran taragu. Ya yi kusan shekara talatin a nan. A kan idonsa jiragen suka yi ta raguwa, ciyawa ta rufe layi, awaki suka gaji tasha. Shekarar da ya bar aiki ita ce shekarar da matarsa ta huta, ta bar masa 'ya ɗaya, Clara, wadda yanzu take aikin jinya a Abuja. Sai ya kafa rumfar walda a bakin hanyar Kagoro, kusa da inda nake ajiye buhunan cittata.

Aiki kam yana samu, amma ba ya jin daɗinsa. Ya ce mini duk abin da ake kawo masa na kulle kai ne: ƙofar ƙarfe, kariyar taga, ƙaya ta kan katanga. Ya ce shekara goma yana ƙera wa mutane abin da za su ɓuya a bayansa. Abin da ya fi cin ransa shi ne baƙi. Ya ce ki duba, Yaya, ba wanda ke zuwa garin nan sai da dalilin kuka. 'Ya'yanmu na Abuja da Kaduna su shigo Juma'a da yamma, a binne Asabar, Lahadi kafin a tashi sujada sun kama hanya don kada rana ta faɗi musu a daji. Shi yana so mutum ya zo ƙasarmu ba don komai ba, sai don ya kalla.

Daga nan maganar babur ta fito. Zai sayi babur mai ƙarfi, ya ƙera masa irin abin baturen nan a gefe, ya riƙa ba masu yawon buɗe ido haya. Miji ya tuƙa, mata ta zauna, su je Matsirga, su zaga gindin dutsen Kagoro, masu ƙarfin hali su wuce Kwoi su kai Nok. Har taswira ya zana a bayan kwali. Da yake ɗan reluwe ne, tarago ya sa wa abin suna, sunan kuwa ya bi shi.

Na yi masa faɗa, ba kaɗan ba. Na ce wane mahaukaci ne zai baro gidansa ya zo yawo a hanyar da mu 'yan gida muke bi da addu'a a baki? Na ce ka sayi injin niƙa, ka sayi keke mai ƙafa uku kamar kowa. Ya bar ni na gama, yana ta goge tabaransa na walda da gefen riga, sannan ya ce:

"Mutum ɗaya nake nema, Yaya. Ya zauna a ciki, ya je ya ga ruwan Matsirga, ya dawo yana dariya. In na ga wannan, sauran za su zo."

Kujerar ya fara samowa tun kafin babur. A wajen masu gwangwan ya tsinto ta, ta wani tsohon taragon fasinja na manya, irin wanda mu 'ya'yan lebura muke leƙawa ta taga a kore mu. Ya sake mata soso, ya kai aka ɗinka mata koriyar fata. Wata guda tana ɗakinsa lulluɓe da zanin marigayiya, ko kyanwa bai yarda ta hau ba.

To, ga inda ya yi wautar da ba ta wankuwa. Ya ce turawa dogaye ne, kuma yana so baƙo in ya gaji ya iya kishingiɗa, don haka sai ya auna mutum mafi tsawo da ya sani. Wannan kuwa Malam Gershon ne, shugaban mawaƙan majami'armu, mutum kamar falwaya. Ranar Lahadi bayan sujada Azariya ya tare shi a gindin mangwaro. Ya lalubi aljihu, ashe ya manta da tef ɗinsa a rumfa. Mai walda guda, wai ya manta da abin awo! Maimakon ya bari sai gobe, sai ya zaro karan dawa daga shingen makwabta, ya jingina shi da Gershon, ya auna daga ka zuwa dunduniya, ya karya inda ya tsaya.

Kowa a ƙasarmu ya san wanda ake aunawa da kara. Masu haƙa kabari ne ke shiga ɗaki da kara su fito da shi a karye. Azariya ya sani sarai, shi ma ya sha haƙa, zumuɗi ne kawai ya rufe masa ido. Gershon dariya ya yi ta yi, ya ce a ƙara masa taku ɗaya don takalmi. Matarsa Emilia ba ta yi dariya ba. Ta ratso cikin mata, ta fizge karan, ta kakkarya shi, ta watsa masa a ƙirji, ta ja mijinta suka tafi. Amma Azariya ya riga ya gwada karan da hannunsa, ya riƙe awon a ka.

Wata uku yana aikin. Abu ya fito dogo, siriri, buɗe ta sama, an goge kowane gefe sumul. Kujerar ta zauna a kan noti huɗu. Ya yi masa farin fenti, wai don kada ƙarfe ya ɗauki zafi ya ƙona baƙo. Ranar da ya fito da shi 'yan acaɓa suka taru, ɗaya ya ce akwatin gawa mai taya, sauran suka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, don abin da na gani ke nan ni ma.

Ni ya fara roƙo in shiga. Ya ce ni na sha bulala saboda wannan abu, ni ya kamata in fara jin daɗinsa. Na ce gwiwoyina ba za su lanƙwasu ba. Ƙarya nake, gwiwoyina lafiyarsu ƙalau, tsoro nake ji. Da ya ga taragon na ɗagawa sama in ya sha kwana babu kowa a ciki, sai ya ari buhun cittata ɗaya ya zaunar a kujera, ya ɗaure da igiya. Haka ya yi ta zaga gari, shi da buhu, yana ɗaga wa mutane hannu.

Ya kafa allo a bakin rumfa da zanen ruwa yana zubowa daga dutse. Clara ta sa hotuna a waya, mutane daga ko'ina suka yi ta yabawa, suna cewa in ƙasa ta lafa za su zo. Ƙasa ba ta lafa ba. Rani ya wuce, damina ta sauka, ba wanda ya ko tambayi yadda ake hayar.

A watan Agusta Gershon ya faɗi ana cikin koyon waƙa, kafin a kai asibiti ya cika. Mu kuwa ba ma binne namu a gari, kowa gidan ubansa yake komawa, shi kuma ƙauyensu yana can bayan Kwoi. Muka ɗauko shi daga mutuware, muka bi hanya da waƙa. Da muka bar kwalta muka tarar ruwa ya cinye hanya, ya bar wani ɗan siririn wuri tsakanin rami da gonar citta. Mota ba za ta wuce ba, ga sauran tafiya mai nisa, ga hadari ya haɗo. Azariya yana cikin rakiya a kan baburinsa, don ba shi da wani abin hawa.

Wani dattijon ikkilisiya ne ya je ya yi masa magana a kunne. Ina kallonsa. Sai ya buɗe jakar kayan aiki, ya fito da sufana, ya kwance noti huɗun nan, ya ɗauke kujerar ya sa a cikin motar gawa. Matasa suka ɗora akwatin. Ya zauna daram, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba. Waƙa ta tsaya. Duk wanda ke gindin mangwaron nan ranar Lahadi ya tuna da kara. Emilia ta dubi Azariya sau ɗaya ta kau da kai. Wani ya tsinko ɗanyen ganye ya ɗaura a gaban babur, kamar yadda ake yi wa duk abin hawan da ya ɗauki gawa, muka bi shi a ƙafa.

Washegari ya wanke taragon da omo har sau uku, ya roƙi fasto ya zo ya yi addu'a a kai, ya mayar da kujera ya ɗaure. Ya ce taimako ne na rana ɗaya, ya wuce. Bai cika sati biyu ba aka aiko daga wani ƙauye kusa da Madakiya. Hanyarsu ma mota ba ta shiga.

Wa zai ce a'a ga mai gawa? Azariya dai ba zai iya ba. Hanyoyin ƙauyukanmu duk kanwar ja ce, mutuwa kuma a shekarun nan ba ta yi mana rowa ba, ta ciwo da ta bindiga. Bai taɓa yanka wa kowa farashi ba, a zuba masa mai kawai. Duk tafiya sai ya kwance kujera ya jingine ta a rumfa, in ya dawo ya wanke, ya kunce ganye, ya mayar da ita, ya lulluɓe da leda don kada rana ta ci fatar. Na ce masa ya huta da wannan wahala ya bar ta a ƙasa. Ya ce in baƙo ya zo ya tarar babu kujera fa?

Abin da ya fi ba ni tausayi, Azariya mutum ne mai gaishe da marasa lafiya, tun yana saurayi. Sai ya lura in ya tsaya da babur a ƙofar mai jinya, mata na fitowa a guje hannu a ka, makwabta su fara taruwa. Wani gida ma an fito an ce ya matsa da abinsa gaba. Da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni, a ƙafa ya zo duba ni, tafiyar kusan awa guda, ban ma tambaye shi dalili ba. Na ji kunya, amma gaskiya na ji sanyi da bai zo da shi ba.

Ana saura kwana uku sabuwar shekara, lokacin da ake shirin bikin Afan a Kagoro, Clara ta bugo waya tana murna. Wani ma'aikacin ofis mai suna Jason da amaryarsa Lucia sun ga hotunan, za su zo daga Abuja, suna son hayar tarago na yini guda. Ku zo ku ga ƙanena! Ya sake fenti, ya goge tayoyi da man ja, ya ciro tsohon kakinsa na reluwe ya sa aka goge masa. Ya bi makwabta ɗaya ɗaya yana roƙo kowa ya kama bakinsa. Ni bai roƙe ni ba. Ya ɗauka ba sai an roƙi 'yar'uwa ba.

Suka iso da hantsi a wata ƙaramar mota, yara kyawawa, sai Turanci suke zubawa. Azariya ya ɗauki Jason a baya suka je suka dawo, yana koya masa yadda ake shan kwana da tarago. Ya miƙa musu taswirar kwali, ya nuna musu inda za su ajiye babur su gangara zuwa ruwa. Lucia sai tsalle take, tana shafa koriyar fatar nan. Ya sa mata hular kwano da hannunsa, ya riƙe mata jaka. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta sa a ciki.

Ina zaune a kan buhu, ni da wata makwabciya mai tuyar ƙosai. Wallahi ba da mugunta na yi ba, bakina ne da ba ya iya ganin abu ya wuce. Na karkata na ce mata a hankali, da Hausa, wannan ce ta farko da za ta shiga da ƙafarta.

Lucia ta waiwayo.

"Mama, me kika ce?"

Da Hausa ta tambaya, tsaf. Ashe 'yar Kachia ce, a Abuja kawai ta girma. Da na iya ƙarya a lokacin, da na ce zancen buhu nake yi, amma ban iya ba. Mai ƙosai kuwa, ganin an riga an fasa, ta kwashe labari tun daga kara har zuwa gawar shekaranjiya ta zazzage.

Yarinyar nan tana da tarbiyya. Ba ta yi ihu ba. Ta zare ƙafarta a hankali, ta cire hular ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce Baba ya yi haƙuri, tana da juna biyu, ba za ta iya ba. Jason ya so ya biya duk da haka, Azariya ya ƙi karɓa. Suka ɗauki hoto daga nesa, suka shiga motarsu. Ya tsaya riƙe da hular har suka sha kwana.

Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na rama, da mun yi ta, da abin ya fita daga cikina. Sai kawai ya rataye hular a ƙusa ya ce:

"Ba ƙarya kika yi ba, Yaya."

Wannan magana ta hana ni sukuni. Na ce a raina ni na kore masa mutum ɗayan da yake nema, ni zan biya, zan shiga taragon nan a gaban kowa ya kai ni Matsirga. Amma faɗa a rai daban, ɗaga ƙafa daban. Janairu na ce sai na gama kai citta Kachia. Fabrairu na ce sai an gama taron zumuntar mata. Na sha zuwa bakin rumfar in tarar da kujera a jingine, babur ya fita da ganye, in ce to ba yau ba. Duk wannan ban gaya masa niyyata ba, ina so in ba shi mamaki. Kun ji wautar tsufa.

Sai Litinin ɗin Ista, ranar da muke fita Galili. Da, a irin wannan rana, rabin gari a Matsirga yake yini, da shinkafa a kwano da ganguna. Na tashi na yi addu'a, na ƙi ɗaura zanin zumunta tun da shi muke sawa wajen biso in za a binne gawa, na ciro atamfar Kirsimeti. Na dafa shinkafa da kaza na zuba a kula, na kama hanya.

Tun daga nesa na hango tartsatsin walda. Yana durƙushe a kan taragon, tabarau a fuska. Kujerar tana waje a ƙasa, babu leda. Allon nan mai zanen ruwa an kife shi a jikin bango. Da na matso na ga ya cike ramukan noti huɗun da walda, ya goge su sun shafe, ya shimfiɗa sanduna biyu a tsawon cikin taragon, da ƙugiyoyi a gefe na ɗaure igiya.

Na ce, "Baban Clara, na zo. Kai ni Matsirga."

Ya kashe inji, ya ɗaga tabarau, ya dubi atamfata, ya dubi kular abinci. Ya gane komai. Ya ce notin sun cinye tun watan jiya saboda yawan kwancewa da ɗaurewa, ranar Alhamis kuma akwatin wata tsohuwa ya zame masa a gangare har ya kusa faɗuwa a gaban 'ya'yanta. Ya ce tun da wannan aikin ne Ubangiji ya ba shi, gara ya yi shi da kyau. Gobe ma ana jiransa a Madakiya.

Na ce ba komai, zan shimfiɗa zani in zauna a kan sandunan, ai ba nisa. Har na ajiye kula na tattare zani na ɗaga ƙafa. Ya miƙe da sauri ya riƙe mini hannu, riƙon da bai taɓa yi mini ba.

"Kada ki shiga, Yaya. Ni ma yanzu tsoro nake ji in ga mai rai a ciki."

Na yi kuka a bakin hanya, ni da ba na kuka ko a wajen biso. Shi bai yi ba. Ya buɗe kular, muka ci shinkafar a rumfa, motoci na wucewa. Da zan tafi ya tsayar da mai keke, ya ɗora kujerar ya ce in tafi da ita, fatar mai kyau ce, kada ta lalace a banza.

Tana barandata yanzu. Baƙi in sun zo sun gwammace benci, ni kaɗai ke zama a kanta ina tsince citta. Gidana a bakin hanya yake, saboda haka sau biyu ko uku a sati nakan gan shi ya wuce a hankali da ɗanyen ganye a gaban babur. Ba ya ɗaga mini hannu in yana ɗauke da mutum, ni ma ba na ɗaga masa.